Kafin Mu Shigo Da Teku Cikin Ɗaki

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe, ko a Kano aka yanke masa cibiya ko a Nima ko a zangon Kumasi, ya san murjani. Ya gan shi a wuyan kakarsa, ya gan shi cikin kayan lefe, ya kuma ga yadda tsofaffi suke auna shi a tafin hannu don su rarrabe na gaske da na roba. Sunan daga Larabci muka aro shi, jan murjanin kansa kuwa a Bahar Rum ake tsamo shi, fatake suka riƙa ratso Sahara da shi har ya iso kasuwanninmu. Abin da da yawa daga cikinmu ba mu taɓa tsayawa mun yi tunani a kai ba shi ne, wannan abu da muke kira dutse ƙashin wata 'yar halitta ce mai rai. Mu gawarta muka gada, an goge ta, an huda ta, an zura mata zare. Mai ran ba mu san ta ba, ba mu san danginta ba, ba mu kuma san halinsu ba.

Yau ga shi zamani ya kawo mana dangin nata har gida. A otal-otal da ofisoshi da wasu shagunan aski na Ankara, mukan ga akwatin gilashi cike da ruwa, fitila na haska shi, kifaye masu launi suna kai da kawowa a ciki. Samarinmu suna ganin irinsa a TikTok da YouTube, 'yan'uwanmu da ke Amurka da Jamus da Ingila suna turo hotunan nasu, sha'awar kuwa tana yaɗuwa. Akasarin akwatunan da muke gani a nan na ruwan daɗi ne, amma wanda ya ƙware a wannan yakan ɗaga ido zuwa na ruwan gishiri, domin a can ne launuka suka fi ɗaukar ido, a can ne ake sa dutsen teku da murjani mai rai. Ra'ayinmu a wannan rubutu ɗaya ne, kuma za mu faɗe shi tun daga farko: kada mu shigo da halittar teku cikin ɗakin da iyalinmu suke kwana sai mun san sunanta, mun san dafinta, mun kuma san abin da za mu yi in ta cutar da wani.

Mu mutanen kiwo ne, wannan babu mai musu. Yaron zango ya san yadda ake kama rago ba tare da ya tunkuye shi ba, ya san cutar da ke kashe tattabara, ya san ba a sa hannu a ramin da ba a ga ƙarshensa ba. Sarkawanmu na kogi sun san minjirya da girgizarta, sun san ƙayar kurungu, sun san talibambam mai kumburi, na bakin Binuwai kuma sun san kunamar ruwa da karin da ke wutsiyarta. Wannan sani ba a makaranta aka koyo shi ba, uba ne ya gaya wa ɗa, wani ma sai da aka yi asarar yatsa ko rai kafin a gane. To amma teku fa? Mun haura shekara ɗari muna zaune a bakinta, amma saninta yana hannun maƙwabtanmu Ga masunta na Jamestown da Chorkor. Mu sayen kifin muke yi, mu soya, mu sayar. Ko su masuntan, abin da suka sani na tekunsu ne, alhali yawancin abin da ake zubawa a akwatin gilashi daga tekun Indiya da Fasifik ake kwaso shi. Ashe ke nan wannan kiwo ne da ya zo mana ba tare da gadon saninsa ba, rashin sani kuwa ya fi dare duhu.

Bari mu fara da mafi hatsari. Akwai wasu 'yan halittu da masana ke kira zowantid, dangin murjani ne amma ba su da ƙashi mai tauri. Sukan manne a kan dutse kamar tabarma, kowace ɗaya ta buɗe kamar ƙaramin fure ko maɓallin riga, wasu kore, wasu ruwan goro, wasu ruwan ƙasa. Ba su da wuyar kiwo, suna yaɗuwa da sauri, shi ya sa ake yawan bai wa sabon shiga shawarar ya fara da su. Wani lokaci ma ba saye ake yi ba, a jikin dutsen teku suke maƙalowa su shigo akwati. A cikinsu akwai wani jinsi mai suna Falitowa, wanda wasu daga cikin ire-irensa suke ɗauke da gubar da ake kira falitoksin, ɗaya daga cikin guba mafi ƙarfi da aka taɓa samu a jikin wata halitta. A gwajin da aka yi wa dabbobi ta allura, abin da bai kai kashi 1 cikin miliyan na giram ba a kan kowane kilo na nauyin jiki ya isa kisa.

Tarihin gano wannan guba abin ji ne ga masu son al'ada. A tsibirin Mawi na Hawai akwai wani gari mai suna Hana, inda mutanen da suka riƙa ba da labarin wani ɗan kududdufi a bakin teku mai ɗauke da wani gansakuka mai kisa, har ana cewa mayaƙa sukan shafa shi a tsinin mashi. Wurin haramtacce ne a al'adarsu. A ƙarshen shekarar 1961 masu bincike daga Jami'ar Hawai suka gano kududdufin suka ɗebo abin, sai aka tarar ba tsiro ba ne, 'yar dabba ce. A 1971 Richard Moore da Paul Scheuer suka tace gubar daga jikinta suka ba ta suna, sai a 1982 aka gama gane yadda ƙirarta take, saboda girmanta da sarƙaƙiyarta. Mutanen Hana ba su da ɗakin gwaji, amma hanin da suka gada ya tsare 'ya'yansu. Abin da kakanninsu suka hana taɓawa, danginsa ne yau ake ɗaurewa a leda a sayar wa duk mai kuɗi, sau da yawa ba tare da ko kalma ɗaya ta gargaɗi ba.

Yadda gubar take aiki yana da sauƙin fahimta. Kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana da wani ɗan famfo a bangonta wanda aikinsa fitar da sinadarin sodiyam da shigo da fotasiyam, a kan ƙa'ida. Da wannan ƙa'ida ne jijiya take kai saƙo, tsoka take motsi, zuciya take bugawa. Falitoksin yakan kama wannan famfo ya mayar da shi ƙofar da aka tokare a buɗe, abin da ya kamata ya zauna ciki ya fita, na waje ya kwararo. Wanda ya shaƙe ta yakan ji ɗaci kamar na ƙarfe a baki, sai tari, sai zazzaɓi, sai ciwon gaɓoɓi, numfashi ya yi wuya. Idan abin ya yi tsanani tsoka takan fara narkewa, fitsari ya yi duhu, ƙoda ta shiga hatsari. Idan ta fantsama a ido takan ci baƙin idon, har wasu sai da aka yi musu dashe. Gubar tana shiga ta ƙaramin yanka a hannu, tana shiga ta ido, tana shiga ta numfashi. Tafasa ba ta kashe ta. Har yau kuma babu makarinta, abin da likita zai yi shi ne ya tallafi numfashi da zuciya da ƙoda har jiki ya fitar da ita.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A watan Agusta na 2014, a birnin Ankorej na jihar Alaska, an zuba murjani mai rai a wani babban akwatin kifi na cikin gida, bayan 'yan sa'o'i mutanen gidan suka tashi da tari da zazzaɓi, har dabbobin gidan ba su tsira ba. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta wallafa rahoton a 2015, kuma binciken ya nuna ba su ne na farko a wannan gari ba, akwai ma'aikatan shagon kifi da suka sha irin wannan wahala. A 2017 an kwantar da mutum 7 'yan gida ɗaya a kudancin Adelaide ta Ostareliya bayan an goge murjanin akwatinsu da buroshi. A watan Maris na 2018, a wani ƙauye na yankin Oksfod a Ingila, mutum 10 aka kai asibiti bayan wankin akwatin kifi, 4 daga cikinsu 'yan kwana-kwana ne da suka zo ceto. Ko a waje, a 2005 kimanin mutum 200 suka nemi magani a Jenowa ta Italiya bayan sun shaƙi iskar bakin teku a lokacin da wata ƙaramar halittar ruwa mai irin wannan guba ta yi ambaliya. Mu lura da abu guda: a yawancin waɗannan labarai, waɗanda suka kwanta ba su taɓa komai ba. Zamansu a ɗakin ne kawai laifinsu.

Nan ne maganar ta zama tamu. Waɗancan mutane suna da gidaje masu faɗi da motar asibiti da likitocin da za su iya tuntuɓar cibiyar guba cikin minti kaɗan, duk da haka sun sha wuya. Mu kuwa mu dubi yadda muke zaune. Ciki da falo, taga ɗaya, fanka na juya iskar ɗaki, yara suna kwance a ƙasa kusa da inda aka ajiye akwatin. Tsakar gida ɗaya ce ga iyali biyar ko goma. Bokitin da aka juye ruwan kifi da shi, da shi wata za ta yi wa jariri wanka da yamma. Sa'an nan mu dubi yadda aka koya mana tsabta: abin da ya yi yauƙi a zuba masa tafasasshen ruwa, a dirje shi da soson ƙarfe, a shanya a rana. Wannan tarbiyya ce mai kyau ga tukunya da turmi, amma ga dutsen da zowantid ya manne a jikinsa, ita ce hanya mafi sauri ta tayar da gubar sama. Tururin ne yake ɗauke ta, feshin dirza yake watsa ta. An sha samun wanda ya zuba wa dutsen ruwan zafi don ya kashe abin da ya yaɗu a kai, ya ƙare a gadon asibiti. Uwar gida mai ƙwazo da ta ga dutsen ɗanta ya yi datti ta ce bari ta taimaka, ita ce ta fi kowa shiga hatsari.

Akwai kuma matsala ta biyu. A ƙasarmu, wanda ya tashi da zazzaɓi da ciwon jiki, me za a ce? Zazzaɓin cizon sauro. Za a aika yaro kemis, a sha magani, a rufa da bargo a cikin ɗakin nan da gubar take yawo. In mutum uku suka kwanta lokaci guda, a ce abincin jiya ne, wani ma ya ce jifa ne. Ko an je asibiti, likita ba boka ba ne, da abin da aka gaya masa yake aiki, kuma ba zai zo masa a rai ya tambayi ko akwai murjani a falo ba. Saboda haka sanin mai akwatin shi ne rabin maganin. In bai san abin da yake kiwo ba, babu wanda zai sanar da likita.

Ba zowantid kaɗai ba ne abin lura. Akwai kifin nan mai ratsi-ratsi da geza kamar zaki, wanda masu akwati suke so saboda kwarjininsa. Yana da ƙayoyi 18 masu dafi, 13 daga cikinsu a gadon bayansa. Ba ya farauto mutum, amma hannu yakan ci karo da shi wajen gyara, zafin kuwa ya fi na kunama a faɗar waɗanda suka ɗanɗana. Agajin farko shi ne a tsoma wurin a ruwa mai zafin da fata za ta iya jurewa, kimanin digiri 40 zuwa 45, na tsawon rabin awa ko fiye, sa'an nan a nufi asibiti. Mu lura, ruwan zafi a nan taimako ne, a wurin falitoksin kuwa masifa ne, shi ya sa muka ce sai an san sunan abin da ake kiwo. Wannan kifi ma ya bar wa duniya wani darasi: asalinsa na tekun Indiya da Fasifik ne, an fara ganinsa a gaɓar Fulorida a 1985, ana kyautata zaton masu akwati ne suka sake shi, yau ya mamaye tekun Karebiyan yana cinye 'ya'yan kifin wurin. Wanda ya gaji da kiwonsa ya je ya juye a teku ya ɗauki alhakin masunta.

Ko mai akwatin ruwan daɗi bai kamata ya saki jiki ba. Akwai ƙwayar cuta da ake kira Maikobaktiriyam marinam, wadda Joseph Aronson ya fara ganowa a 1926 a jikin kifayen da suka mutu a gidan kifi na Filadelfiya. Tana rayuwa a ruwan gishiri da na daɗi. Takan shiga ta ɗan ƙwarzane a yatsa, ta yi makonni ba a ji komai ba, sa'an nan wani ƙurji ya fito wanda ba ya jin maganin shafawa, wani lokaci ƙuraje su jeru suna hawa hannu. Maganinta sai an yi watanni ana sha. 'Yar'uwar ƙwayar tarin fuka ce, kuma makusanciyar ƙwayar gyambon Buruli da muka sani a wasu yankunan ƙasar nan. Mai ciwon suga da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni su ne suka fi cancanta su nisanci tsoma hannu tsirara a ruwan akwati.

Mun san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Za su ce mutum nawa ne a zango suke da akwatin ruwan gishiri, alhali ga kwata a toshe, ga sauro, ga rashin aikin yi? Za su ce dubban mutane suna wannan kiwo a duniya lafiya lau, ba kowane zowantid ne yake da guba ba, kuma waɗanda suka kamu galibinsu sun warke. Duk haka ne. Ba mu ce a fasa gilashi ba, ba mu kuma ce abin banza ne ba. Saurayin da ya zauna yana auna gishirin ruwa, yana lura da lafiyar kifi, yana koyon haƙuri da kimiyya lokaci guda, kuma mun fi son ganinsa a nan a kan wasu wuraren. Amma ƙarancin masu yi shi ne dalilin yin magana yanzu, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Batun cewa ba duka ne masu guba ba kuwa, ai shi ne matsalar, don ido ba ya rarrabe mai guba da marar guba, har masana sai sun kai ɗakin gwaji. Dangin waɗannan halittu kuma suna zaune a kan duwatsun gaɓar tekuna masu ɗumi, har da gaɓar Afirka ta Yamma, don haka yaron da ya ga tsadar na shago ya ce bari ya ɓamɓaro dutse a bakin teku kyauta, bai san abin da ya ɗauko ba.

Wasu kuma za su ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mun yarda, amma ba mu taɓa ganin wanda ya ajiye kububuwa a ƙarƙashin gado da wannan hujja ba. Kuma babban abin da ya raba wannan da sauran kasada shi ne, mai hawan babur da gudu kansa ya fara sawa a gaba, mai akwatin kuwa ya sa wa matarsa da 'ya'yansa da maƙwabcinsa hannu a takardar da ba su karanta ba.

To me muke nema? Daga mai sayarwa, muna neman ya faɗi sunan abin da yake sayarwa da hatsarinsa, in bai sani ba kada ya sayar. Ɓoye aibin haja ba ciniki ba ne a al'adarmu, ko a kara wanda ya sayar da saniya mai ciwo ya yi shiru sunansa ya ɓaci. Daga 'yan'uwa na ƙetare, muna roƙon kada su turo hoto kawai, su turo da gargaɗin. Daga mai kiwo kuwa, ga abin da masana suka yi ittifaƙi a kai. Ya ɗauki kowane zowantid da kowane dutsen teku a matsayin mai guba. Ya sa doguwar safar hannu ta roba da tabarau mai rufe ido da takunkumi duk lokacin da zai taɓa su. Ya bar su a cikin ruwa gwargwadon iko. Kada ya tafasa, kada ya dirje, kada ya kankare, kada ya fasa a cikin ɗaki. Kada ya zuƙo ruwan akwati da baki ta tiyo, kamar yadda ake zuƙo fetur. Ya ware bokiti da tsumma na akwati kaɗai. In zai zubar da dutse, ya jiƙa shi a waje cikin ruwan bilic, awo 1 na bilic a awo 10 na ruwa, na aƙalla rabin awa, ya ƙulle a leda biyu, kada ya jefa a kwata inda yara suke wasa. In ruwan ya shiga ido, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta a tafi asibiti nan take. In kuwa mutanen gida suka fara tari ko zazzaɓi bayan an taɓa akwati, kowa ya fita waje, a buɗe tagogi, a tafi asibiti da hoton abin a waya, a faɗa wa likita sunan gubar.

Shawararmu ta ƙarshe ga mai ƙananan yara da mai zaune a gidan haya na taro: ya haƙura da murjani mai rai. Akwai kifayen ruwan daɗi masu kyan gani da za su ishe shi nishaɗi ba tare da ya sa iyalinsa a wannan kasada ba. Wanda kuma ya riga ya mallaka, yau ya zaunar da mutanen gidansa, musamman wadda take share ɗakin, ya nuna musu abin da ba a taɓawa da dalilin hanin. Haka kakanninmu suka yi mana da minjirya da kunama, haka mutanen Hana suka yi wa nasu 'ya'yan. Allah ya tsare mana iyalanmu.